Ranar da Na Kankare Fuskar Baba

Ni Bagobiri ne, amma ko ɗigon tsaga babu a fuskata. A hanya aka haife ni, a wani ƙauyen Sudan inda iyayena suka tsaya tsinkar auduga don su tara guzurin ƙarasawa Makka, kuma babu wanzamin gidanmu a kusa. Yayana ma haka. Abin da na gada na Gobir zuciya ce kawai, ita kuwa na gaje ta har da gyara. Ana cewa tsufa yana sanyaya mutum. Ni dai ga furfura har gira, amma duk lokacin da na tuna wannan labari sai in ji wuyana ya ɗau zafi.

Baba shi yake da tsagar, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, sun taso daga gefen baki sun bazu har gindin kunne. Sana'arsa ɗaukar ruwa, sagga ake ce musu a Makka. Garwa biyu da sanda a kafaɗa, daga bazan, wato matarar ruwan unguwa, zuwa gidajen unguwar Misfala masu hawa huɗu da biyar. Ya zo hajji ya zauna kamar sauran takaru irinsa, wato mutanenmu mazauna can, ba shi da takarda ko ta ƙunshe goro, in ya hango ɗan sanda sai ya sake lungu. Inna ta rasu ina ƙarami, don haka Yaya ne ya goya ni, shi ya yi mini wanka, shi ya dafa mana abin da muka ci yayin da Baba yake hawa da sauka a benayen mutane.

A farkon shekarun sittin, ina da shekara ashirin da 'yan kai, na kama aiki a shagon hoto na wani dattijo ɗan Indiya haifaffen Makka. Shagon yana bakin titi a Misfala. Akwai babbar kyamara mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, da fitilu biyu, da labulen da aka zana wa dabino da kubba. Cikin wata shida na iya ɗauka na iya wankewa. Amma abin da maigida ya gano a hannuna, wanda ya sa ya riƙe ni gam, shi ne rutush.

Rutush gyaran dodon hoto ne kafin a wanke shi a takarda. Za ka ɗora dodon a kan gilashi mai haske daga ƙasa, ka ɗauki fensir da aka fiƙe kamar allura, ka bi fuskar mutum kana cike duk abin da ba ya so a gani. Tamoji, ƙuraje, tabo. Inda fensir ya kasa, sai aska. Fensir yana goguwa in ka yi kuskure. Aska kuwa kankarewa take yi, abin da ta ɗauke ya tafi ke nan.

Larabawa suna zuwa a cire musu tamoji. Mutanenmu kuwa suna zuwa a cire musu iyayensu. Mutum zai shigo da Larabci a bakinsa, ya leƙa hagu da dama, sannan ya sunkuyo ya ce mini da Hausa, a hankali kamar mai neman maganin basir, “Ɗan'uwa, a ɗan rage zanen nan, a kuma ɗan haskaka ni.” Na takardar hukuma ragewa kawai nake yi, don ma'aikaci zai dubi hoto ya dubi fuska. Na rataya a bango kuwa sharewa nake yi tas. Na share ta Katsinawa, na share ta Zamfarawa, na share ta Barebari mai yawan nan da ke cinye yini guda. Ina yi ina tsaki, ina zaginsu a zuci, ina kuma karɓar yabo in sun zo ɗauka. Alhaji ɗaya ne kawai, wani Bayarabe, ya taɓa dawo mini da hoto ya ce in mayar masa da fuskarsa ko ya tara mini jama'a. Da ya ji ni Bagobiri ne sai faɗan ya koma tsokana, ya ce dama bawa ba ya son ganin tambarin ubangidansa. Na rama, muka yi dariya, na goge fensirin na sake wanke masa.

Wannan aikin ci ne. Aikin raina daban yake. Na sayi wata ƙaramar kyamara tsohuwa a hannun wani alhaji, na riƙa fita da ita bayan sallar asuba zuwa bazan. Abin da nake so in ɗauka jikin mutum ne yana aiki. Ban san ko akwai masu irin wannan a duniya ba, ban taɓa ganin littafin hotuna ba, ni dai na san in rana ta fito ta bugi kafaɗar sagga yana ɗaga garwa, akwai abin da nake gani wanda ba na so ya wuce.

Ranar farko da na ɗaga kyamara wurin ya watse. Wanda ba shi da iƙama, wato takardar zama, hoto abokin gabarsa ne. Wani ƙato ɗan Damagaram ya riƙe mini wuyan riga ya ce in gaya masa wa ya aiko ni. Sai da Baba ya sa baki aka yi sulhu a kan sharaɗi ɗaya: ba fuska. Na yi fushi da sharaɗin, daga baya na gane shi ya koya mini sana'ata. Na koyi karanta bayan mutum. Kantar da sanda take yi a kafaɗa, baƙa mai sheƙi. Jijiyar wuya in garwa ta cika. Dunduniya mai faso a kan matakalar dutse. Hannun dattijuwa mai dakan hura a lungun takaru, ba a ganin komai nata sai hannun da taɓarya. Shekara uku ina wannan, hotuna suka cika akwatin sabulu biyu.

Maigida ya duba su wata rana ya ce, “Wa zai sayi ƙeyar mutum?” Amma ya bari na jera guda uku a tagar shago. Wannan shi ne baje kolina na farko, kuma kwana huɗu ya yi. Mutane suna tsayawa suna kallo, wani malamin makaranta ɗan Masar ya shigo ya riƙe hannuna ya daɗe yana magana a kan haske da inuwa. A rana ta huɗu wani mai gemu ya shigo ya ce an baje tsiraici a garin Allah. Tsiraicin shi ne bayan mutumin da yake kai masa ruwan alwala har hawa na uku kullum, ba riga, bai taɓa cewa a'uzubillahi ba sai da ya gan shi a takarda. Na faɗa masa haka a fuskarsa. Maigida ya toshe mini baki da hannu, ya kwashe hotunan, ya ba mutumin haƙuri da shayi.

Ɗaya daga cikin ukun nan bayan Baba ne. Satarsa na yi yana hawan wani lungu da garwa biyu, ya ɗan karkata kai dama. Bai sani ba, don shi ko ƙeyarsa bai yarda a ɗauka ba. Ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto, ya kuma ce in ɗansa ya rasa sana'a sai ta kama inuwar mutane, to Allah ya shirya.

Saboda haka na kusa faɗuwa ranar da ya shigo shago da rigarsa ta Juma'a, bayan hajji da 'yan kwanaki. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya zo asibiti.

“Kai, zo ka ɗauke ni,” ya ce. “Na ga wani mutumin garinmu, jibi za su tahi. Ya ce yayata tana nan da rai. In aika mata, ta san ban mutu ba.”

Yayar nan tasa, Gwaggo, ita ta raine shi kamar yadda Yaya ya raine ni. Rabonsa da ita tun ranar da ya bar gida, fiye da shekara talatin.

Na zaunar da shi. Na kashe fitilun nan biyu da ke wanke fuskar kowa ta zama faranti, na buɗe ƙofar gefe, hasken la'asar ya shigo ya kwanta a kuncinsa daga hagu. Tsagar ta tashi. Kowace ɗaya da raminta baƙi da bakinta mai haske, har sha ukun. Ya dubi kyamara kamar yana shirin yi mata faɗa. Sau ɗaya na danna. Na ɗauki dubban hotuna kafin wannan da bayansa, kuma ban sake yin kamarsa ba. Ban taɓa dodon da fensir ba. Na wanke guda ɗaya, Baba ya duba ya daɗe, ya ce, “Ashe na tsuhwa.” Ya naɗe shi a ƙyalle ya kai wa mutumin garinsu. Dodon na sa a ambulan na ajiye, ina cewa zan wanke babba in na sami sarari.

Hajji mai zuwa bai sami Baba ba. Ƙirji ya kama shi, kwana tara, aka kai shi makwanci.

Yaya a lokacin ya yi nisa. Yana da kai, ya yi karatun dare, ya bi duk ƙofar da za a bi har ya sami takardar zama ɗan ƙasa, ya kama aikin akawu, ya koma unguwar Utaibiyya ya kama gida mai majalisi, wato ɗakin baƙi. Ban yi masa hassada ba, wallahi na yi murna. Sai ya ga yarinya. Gidansu asalinsu Hausawa ne, kakan kakansu ya zo, amma Hausar ta bar bakinsu sai in za su yi wa mai aiki tsawa. A wurinsu kalmar takari zagi ce. Yaya ya gaya musu mahaifinsa ɗan kasuwa ne da ya rasu.

Ya zo shago da azahar, maigida ya tafi cin abinci. Ya ce yana son hoton Baba babba, na firam, don majalisi, kafin surukai su zo ganin gida. Na ji daɗi har na miƙe zan ɗauko dodon.

“Bas, ya akhuya,” ya ce, “ka gyara shi shuwayya, ɗan kaɗan.”

“Me zan gyara?”

Ya ja yatsu uku a kuncinsa daga baki zuwa kunne.

Ban san lokacin da na jefar da kujera ba. Na ce masa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Na ce kuɗin littattafan da ya yi karatu da su daga kafaɗar mutumin nan suka fito, garwa garwa, kuma yau fuskarsa ce abin kunya. Na ce ya je kasuwa ya sayi hoton wani Balarabe ya rataya ya ce ubansa ne, zai fi sauƙi. Masu shagunan maƙwabta suka leƙo. Yaya ya bar ni na gama, shi ba ya ɗaga murya, abin da ya fi ƙona ni da shi ke nan.

“Khalas?” ya ce. “Ka gama? Uban wa ka bari a garin nan? Kullum kana zaune a kan gilashin nan kana share na mutane, ana biyanka. Yau an zo kan naka ka tuna da aib. Wanzami ba ya son jarfa.”

Gaskiya ce kuwa ya faɗa.

Sannan ya sassauta murya. Ya ce in suka ga tsagar nan za su tambaya, in suka tambaya za su ji sagga ne, maganar auren ta mutu. Ya ce bai taɓa roƙona komai ba tun ina fitsarin kwance a bayansa. Ya ce ai na asalin yana can wurin Gwaggo a gida, inda ake son ganinsa, wannan na bango ne kawai.

Wannan maganar ta ƙarshe ita na riƙe na ba kaina hujja. Na asalin yana wurin Gwaggo.

Duk mai hoto da ke da hankali zai wanke guda ɗaya ya ajiye kafin ya taɓa dodo. Ni ban yi ba. Na shekara hamsin ina neman dalili, abin da na samu shi ne sabo turken wawa. A shagonmu dodo daga ambulan gilashin rutush yake zuwa, daga nan ɗakin duhu, hannuna ya yi haka sau dubu. Kuma mai aikin kunya sauri yake yi. Na ɗora shi a gilashi na fara da fensir, na cike ramukan. Amma hasken gefen nan da nake taƙama da shi ya ba kowace tsaga baki mai haske, shi kuwa fensir ba ya cire shi. Na ɗauki aska. Daga azahar zuwa magariba na kankare sha uku, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba zan yafe wa kaina ba shi ne wajen ta takwas fushin ya bar ni, na fara jin daɗin yadda hannuna yake tafiya, har na ja baya na duba na ce aiki ya yi kyau.

Ya yi kyau kuwa. Wani dattijo ya fito mai santsin kunci, mai haske, kamar wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi tasbaha nauyi ba. Aka sa shi a firam mai ruwan zinariya. Aka yi aure, na ci shinkafa da kowa.

Bayan shekara biyu Gwaggo ta zo hajji. Ɗanta ya biya mata jirgin sama. Masaukinsu a Misfala yake, kuma tun ranar da ta sauka take tare duk baƙin mutum tana tambayar wani Bagobiri mai ɗaukar ruwa, har aka kawo ta shago. Gajeruwa ce, ta rankwafa, tsagarta irin ta Baba sak. Ni na gaya mata ya rasu, don saƙon da muka aika bai isa ba. Ta zauna a ƙasa ta yi salati, ba ta yi kururuwa ba. Ta ce in kai ta kabarinsa. Na ce a nan ba a sa alama, ni kaina ba zan iya nuna wurin ba yanzu.

“Amma ai kin ga hotonsa, Gwaggo,” na ce. “Wanda ya aika miki.”

“Wane hoto? Ban ga komi ba, ɗana. Mutumin da kaka hwaɗi, an ce a hanya yar rasu, ko kayanshi ba su iso ba.”

Ta ce tun da akwai hoto ai da sauƙi, a nuna mata ta ga yadda ƙanenta ya tsufa, shi ke nan abin da take roƙo.

Na so in hana, amma Yaya ya riga ya aiko a kawo ta gida. Ya karɓe ta da mutunci, ban ɗauke masa wannan ba, ya durƙusa ya gaishe ta da Hausarsa da ta fara tsami. Ya kai ta majalisi ya nuna bango. Ta matsa kusa, ta ɗaga kai, ta daɗe. Ta sa aka sauko da shi ta riƙe a hannu, ta kai shi bakin taga.

“Wanga wa na?”

“Baba ne, Gwaggo,” in ji Yaya.

“A'a. Wanga ba ƙanena na ba. Ina tsagar gidanmu? Ni nir riƙe shi ranar da anka yi mai ita, ina da shekara tara, jininshi ya ɓata min zane. Kun kawo min wani Bature kun ce ƙanena.” Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. “Wa yay yi wanga aiki?”

Yaya ya dubi darduma. Na jira ya buɗe baki, na ƙirga numfashinsa, bai buɗe ba. Har yau in na tuna shirun nan sai in ji kamar in tashi in je in same shi, ko da yake shi ma yana ƙasa yanzu.

“Ni ne,” na ce.

Ta dubi hannuwana, ba fuskata ba. “Wanzamin da yay yi ta, kakanku akuya yab ba shi. Kai mi anka ba ka?”

Ta ajiye firam ɗin a ƙasa, fuskar tana kallon bango, ta ce a mayar da ita masauki. Ko shayin ba ta sha ba.

Washegari na ɗauki akwatunan sabulun nan biyu na kai mata, ban san me nake nema ba. Ta zauna a tabarma tana ɗaga hotunan ɗaya ɗaya, kafaɗu da wuyoyi da dugadugan mutanen da ba ta sani ba, tana ajiyewa. Ban nuna mata komai ba. Can wajen tsakiyar akwati na biyu hannunta ya tsaya. Mutum ne yana hawan lungu da garwa biyu, ya ba da baya, ya ɗan karkata kai dama, kuma a gindin kunnensa ana ganin ƙarshen tsaga uku, 'yan gajeru. Ta sa yatsa a kansu.

“Ga shi nan,” ta ce. “Haka yaka karkata kai tun yana yaro.”

Ta riƙe shi da hannu biyu. Sannan ta ce, ba da ni take ba, “Haka nig gan shi ranar da yat tahi. Na tsaya bakin gari ina kallon bayanshi har ya ɓace. Shekara talatin da wani abu ina jiran ya juyo.”

Ta naɗe hoton a gefen mayafinta ta ƙulle. Ni ne kaɗai mutumin da ya taɓa juyo da shi, sau ɗaya, da hasken la'asar, kuma ni na sa aska na kankare. Na kwashe sauran hotunan na mayar a akwati, na koma shago, maigida ya ce akwai dodo huɗu suna jirana a kan gilashi. Na ce ya nemi wani.